Tsuntsun da anka yi ta sauya wa dangi

Ƴan uwa ɗalibai, kun san ɗan tsuntsun nan mai siririn baki da ke shawagi kan furanni yana tsotsar ruwan zaƙinsu. To, a can Ostiraliya da Niyu Gini da Niyu Zilan akwai wasu tsuntsaye masu irin wannan ci, masana na kiran gidansu Meliphagidae. Sana'arsu ɗaya da namu, amma ba dangi ɗaya ba ne. Bakin harshensu kamar buroshi yake, da shi suke kwasar ruwan fure.

Bari mu ɗauki guda cikinsu, wanda ake ce wa Anthochaera phrygia. Yaya ake gane shi? Tsawonsa santimita 20 zuwa 24. Kansa da wuyansa baƙi ne wuluk, fukafukai da wutsiya da ratsin rawaya, ƙirjinsa da zane kamar ɓawon kifi. Kewayen idonsa ba gashi, sai fata mai gurji-gurji. Yana zaune kudu maso gabashin Ostiraliya, abincinsa ruwan furen itacen turare, wanda asalinsa ma daga can anka kawo mana shi.

A 1794 wani Baturen Ingila, George Shaw, ya fara rubuta bayaninsa, sai ya sa shi cikin tsuntsaye masu cin ƙudan zuma. Kuskure ke nan. Daga baya anka maido shi gidan masu shan fure, anka ba shi rukuninsa shi kaɗai, wai shi Xanthomyza. Da anka binciki ƙwayoyin halittarsa, sai ga shi ɗan uwa ne na kusa ga tsuntsayen rukunin Anthochaera, shi ya sa anka haɗa su.

To mene amfanin wannan wahala? Wanda ba a san shi ba, ba a iya ƙirga shi, balle a kare shi. An sare yawancin dajin da yake ci, yanzu ana kiyasin waɗanda sunka rage a daji ba su wuce 300 ba. Binciken da anka fitar a 2021 ya nuna wasu mazan ba su samu manyan da za su koya musu kukan gidansu ba, sai suna kwaikwayon na wasu tsuntsaye, matan kuwa ba su cika kula su ba. Don haka a gidan dabbobin Taronga da ke Sidni ake koya wa ƙananan kukan iyayensu kafin a sake su.

In kun ga tsuntsu gobe, ku ajiye danƙo, ku duba bakinsa da launinsa, ku saurari kukansa, ku rubuta.