Takardar makaranta da ke kwana a jakar ɗanka

Yaushe rabonka da ka zazzage jakar makarantar ɗanka? In ka gwada yau da daddare, ba mamaki ka tarar da wata takarda a dunƙule can ƙasa, tsakanin ɓawon biskit da guntun fensir, kuma ranar da aka rubuta a jikinta ta wuce da mako biyu. Wataƙila gayyatar taron iyaye da malamai ce, wataƙila kuma sanarwa ce cewa ma'aikatan lafiya za su zo makarantar. Malama ta ɗauka saƙo ya isa gida, kai kuma kana ganin makarantar ba ta damu da ku ba.

Wannan matsala ta fi cizon mu mazauna Kudu. In kana zaune a Agege ko Idi-Araba a Legas, ko Sabo a Ibadan ko Shagamu, ka san takardar makaranta da Turanci take zuwa, hirar bakin ƙofar makaranta kuma da Yarbanci ake yin ta. A Legas ma tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, don haka akwai aikin gidan da yaro zai kawo wanda ba kai ba mahaifiyarsa da zai iya duba masa. Ga kuma batun waya. Lambar maigida aka rubuta ranar da aka sa yaro a makaranta, ita aka saka a zauren WhatsApp na ajin. Shi kuwa maigida tun kafin asuba ya fice Mile 12 tarar motar tumatir, ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Uwar da ke yi wa yaro wanka, ta ba shi karin kumallo, ta san ko ya kwana da zazzaɓi, ita ce ta ƙarshe da labari ke iskewa.

Kada ka ɗauka abin ya tsaya ga kuɗin jarrabawa da ranar hutu. Akwai lafiyar yaro a ciki.

Ka ɗauki ranar rabon maganin tsutsar ciki da na tsargiya, wanda ake yi a makarantun firamare na jihohi da dama. Maganin tsargiya, wato fitsarin jini, da tsawon yaro ake auna yawan ƙwayar da zai sha, kuma ana son ya sha shi bayan ya ci abinci. In ya haɗiye shi ciki babu komai, yana iya jin jiri, tashin zuciya ko murɗar ciki. Uwar da ta san gobe ne rabon magani za ta tabbatar ya sha koko da ƙosai kafin ya fita. Wadda ba ta sani ba, sai dai ta ga an dawo mata da yaro yana amai, kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa an ba yara wani abu a makaranta. Shekara mai zuwa gidaje goma za su hana 'ya'yansu zuwa ranar.

Mun ga inda irin wannan ke kaiwa. A watan Oktoban 2017 jita-jita ta bazu a jihohin Kudu maso Gabas cewa sojoji na shiga makarantu suna yi wa yara allurar da ke sa ƙyandar biri. Iyaye suka bar shaguna suka ruga makarantu suna kwashe 'ya'yansu, karatu ya tsaya, rundunar soji ta fito ta ƙaryata. Da a ce kowane gida yana da lambar malamin ajin ɗansa, kuma ya saba jin gaskiya daga bakinsa, kira ɗaya ya isa ya kwantar wa mutane da yawa hankali.

Haka batun rigakafin sankarar bakin mahaifa, wanda Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, kuma makarantu na cikin wuraren da ake yin sa. Yarinya 'yar shekara 9 tana firamare. In takardar neman amincewarka ta zo da Turancin likitoci, aka miƙa wa yarinyar ta kawo, me kake tsammani? Ko ta ɓoye don tsoron allura, ko ka sa hannu ba ka fahimta ba, ko ka ƙi saboda abin da ka ji a majalisa. Duk ukun ba shawara ba ce. Haƙƙinka ne a yi maka bayani da harshen da kake ji kafin ka ce e ko a'a.

To me za ka yi? Abu na farko mai sauƙi ne, amma na san yana yi wa wasu magidanta nauyi: ka je makaranta ka ba da lambar mahaifiyar yaron ta zama ta biyu. In ba ka son a saka ta a zauren da ke cike da maza, ka roƙi malama ta riƙa tura mata saƙon kai-tsaye. In ba ta da babbar waya, kiran minti ɗaya ma ya wadatar.

Sannan ku iyayen Hausawa na aji ɗaya ku san juna. Ku nemi ɗaya daga cikinku mai jin Turanci ko Yarbanci, duk sanarwar da ta fito ya maimaita ta da Hausa a saƙon murya gajere: me za a yi, wace rana, me yaro zai zo da shi. Kuma don Allah a bar zauren aji ya zama na aji. Da zarar an cika shi da gaisuwar Juma'a, tallar atamfa da bidiyon siyasa, sanarwar malama nutsewa take yi, kowa ya daina buɗewa. In abin ya shafi unguwa baki ɗaya, kamar zuwan masu rigakafi, shugaban makaranta ya sanar da limami ko fadar Sarkin Hausawa, nan ne maganar ke saurin shiga gidaje.

Labarin kuma ba daga makaranta kaɗai zai riƙa fitowa ba. In ɗanka mai sikila ne, malamarsa ta sani tun makon farko, domin gudu cikin rana da ƙishirwa na iya tayar masa da ciwon, kuma gasar tsere tsakanin gidajen makaranta kan ɗauki makonni ana atisaye. In yana da asma, ta san inda abin shaƙarsa yake. In ya fara gwada azumi, a gaya mata. Wasu iyayen kan ɓoye irin wannan don gudun kada a riƙa nuna yaro, amma malamar da ba ta sani ba za ta ɗauka lalaci ne ya sa ya zauna, ta tashe shi ya ci gaba da gudu.

Ranar da makaranta ta ware don iyaye su zo duba littattafai, ka bar wa yaron shago amana na awa ɗaya ka je, ko ka bar uwar ta je da rakiyar wata. Ka buɗe littafin rubutunsa daga shafin farko zuwa na ƙarshe, ka ga ko jan biro na bi ta kai. Ka tambayi malama a ina yake zama, ko yana ganin allo daga can, sannan kafin ka fita ka karɓi lambarta ka kira ta a gabanta don ta adana taka.