Na'urar Kuɗin Fakin Ta Lalace: Wa Zai Biya Tarar?

A manyan biranen Ingila, ajiye mota a bakin titi da kuɗinsa. Tun 1958 da aka kafa na'urorin karɓar kuɗin fakin na farko a unguwar Mayfair ta Landan, direbobi suka saba da su. Sai dai na'ura ba ta rasa ranar da za ta ƙi aiki: ta haɗiye kuɗi ta hana tikiti, ko fuskarta ta mutu ɗif. Mutum ya dawo ya tarar da 'yar leda mai ruwan ɗorawa manne a gilashin motarsa, takardar tara daga ƙaramar hukuma.

Abin da baƙi da yawa ba su sani ba, har da ɗalibanmu da ke karatu can, shi ne lalacewar na'ura kaɗai ba ta wanke mutum. Za a tambaye ka: babu wata a kusa? Ba a rubuta yadda ake biya ta waya ba? In akwai, uzurinka ya yi rauni.

Don haka tun kana tsaye a wurin za ka haɗa hujjarka. Ɗauki hoton fuskar na'urar, da lambar da ke jikinta, da allon dokar fakin na wannan layi. Kira lambar kai ƙorafi, ka rubuta lokacin da ka kira. In da kati ka biya, bayanin bankinka shaida ne.

Kada ka yi gaggawar biya, domin da zarar ka biya, galibi an rufe magana ke nan. Wanda ya biya cikin kwana 14 rabin kuɗin ake karɓa, wannan ne ke sa mutane da yawa su haƙura ko da suna da gaskiya. Amma in ka rubuta ƙorafi cikin waɗannan kwanaki aka ƙi karɓa, yawancin hukumomi kan sake ba ka kwana 14 a kan rabin.

In ka ƙi biya, wata takarda za ta zo wa mai motar, da wa'adin kwana 28 na gabatar da ƙorafi a hukumance. In an sake watsi da shi, sai ɗaukaka ƙara kyauta gaban alƙali mai zaman kansa: London Tribunals a Landan, Traffic Penalty Tribunal a sauran sassan Ingila da Wales. Sai dai a wannan mataki rangwamen ya riga ya wuce. Wanda aka kayar, cikakkiyar tara zai biya.