Yadda auna gudun motoci ke tona asirin titi mai haɗari

An daɗe hukumomi ba sa gane cewa wani sashe na titi yana da haɗari sai bayan an yi ta asarar rayuka a wurin. Auna gudun ababen hawa ya sauya wannan lissafi, domin yana nuna inda masifa ke ƙaratowa tun ba ta auku ba.

Ana tattara bayanan ne da na'urar auna gudu ta gefen hanya, da bututun roba da ake gittawa a kan kwalta, da kuma na'urorin GPS na cikin motoci. Daga nan injiniyoyi kan fitar da ma'auni biyu. Na farko shi ne gudun da kashi 85 cikin 100 na direbobi ba sa zarcewa. Idan ƙa'idar cikin gari kilomita 50 ce a sa'a, amma ma'aunin ya nuna 70, to yanayin titin ne ke kwaɗaitar da gudu, kuma kafa allo kaɗai ba zai wadatar ba. Na biyu shi ne bambancin gudu tsakanin motoci. Inda tirela mai lodi ke jan ciki, ƙananan motoci kuwa na sheƙa gudu, yunƙurin wucewa kan yawaita, daga nan sai taho-mu-gama.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutuwar mutum miliyan 1.19 a shekara a kan tituna, ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu kan ƙara yiwuwar haɗarin da ke kisa da kashi 4. Dalilin a bayyane yake: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya kan ninka sau huɗu.

A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya a 2017. Sai dai na'urar ba ta san wuri ba. Motar da aka ƙayyade wa gudun babbar hanya tana iya ratsa kasuwar bakin titi da wannan gudun. Sai an auna kowane sashe da kansa za a san ƙofar makarantar da ke buƙatar tudun rage gudu, da kasuwar da ke buƙatar gadar masu tafiya a ƙasa.