Sansanin Iqaluit da Ƙuri'ar Bahaushen Kanada

A watan Fabrairun 2025, zaɓen ƙasa na ƙaratowa, shugaban jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau a Kanada, Pierre Poilievre, ya sauka a Iqaluit, babban birnin Nunavut, yankin ƙanƙara da mafi yawan mutanensa 'yan ƙabilar Inuit ne. A can ya yi alkawarin gina sansanin soja na dindindin, da ƙaro jiragen ruwa biyu masu fasa ƙanƙara, da ninka dakarun sintiri na Rangers da ke arewa daga 2,000 zuwa 4,000. Kuɗin aikin kuwa, in ji shi, za a zaftare su ne daga tallafin da Kanada ke bai wa ƙasashen waje. Firimiyan Nunavut na lokacin, P.J. Akeeagok, ya fito ya tuna masa cewa ba a yanke wa arewa shawara a bayan idon mutanenta. Bahaushen da ke zaune a Toronto ko Calgary ko Winnipeg zai iya jin wannan labari ya kawar da kai, domin abin da ke hana shi barci shi ne kuɗin haya, da takardar zama, da makarantar yara. Sai dai maganar soja da maganar 'yan asalin ƙasa a Kanada igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma bakin igiyar ya iso har ƙofar gidansa.

A fara da kuɗi. Tun a 2014 ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO suka amince kowace ta riƙa kashe kashi 2 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara kan tsaro. Kanada ta shekara goma ba ta cika ba. A 2024 ba ta ko kai kashi ɗaya da rabi ba. Da Donald Trump ya dawo mulki yana ta maimaita cewa Kanada ta zama jihar Amurka ta 51, sai manyan jam'iyyun biyu suka shiga rige-rigen alkawarin cika wannan kaso nan da 2030. Babu wanda ke musun cewa sojan Kanada na fama da ƙarancin mutane da tsufan kayan aiki, ko cewa Rasha na ƙara ƙarfi a yankin Aktik. Inda hankali ya kamata ya tsaya shi ne aljihun da za a taɓa. Tallafin waje da Poilievre ya ɗora wa ido ya haɗa da kuɗin da Kanada ta daɗe tana zubawa a yaƙi da shan-inna, da kula da lafiyar mata masu juna biyu, da ciyar da 'yan gudun hijira, ayyukan da arewacin Najeriya da Nijar ke cikin masu cin moriyarsu. Ya kuma faɗi haka ne a daidai makonnin da gwamnatin Trump ke rusa hukumar tallafin waje ta Amurka, USAID. Duk giɓin da aka bari a asibitin karkara a Borno ko Maraɗi, ɗan'uwan da ke waje ne za a bugo wa waya ya cike shi. Ga kuma wata fuskar: tun ƙarshen 2022 aka buɗe wa masu izinin zama na dindindin ƙofar shiga soja, don haka 'ya'yan baƙi na cikin waɗanda za a iya turawa irin wancan sansani.

Maganar ƙasa ta fi wannan nauyi. Ba yau gwamnatin Kanada ta fara tunawa da Inuit ba idan tana son nuna ikonta a arewa. A 1953 da 1955 ta kwashe iyalai daga Inukjuak da ke arewacin Kebek ta kai su Resolute da Grise Fiord, can ƙuryar Aktik, inda rana ke ɓacewa tsawon watanni kuma ba su san dabbobin farautar wurin ba. Sun sha yunwa da sanyi, kuma sai a 2010 aka ba su haƙuri. Mutumin da aka yi wa kakanninsa haka yana da hujjar tambaya idan ya ji an sanar da sansani a garinsa. Yanzu kuma doka tana bayansa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1982 ya tabbatar da haƙƙin 'yan asali da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da su, kuma a 2004, a shari'ar al'ummar Haida, Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne gwamnati ta tuntuɓe su kafin ta taɓa abin da ya shafi ƙasarsu. Wanda ke ganin wannan ɓata lokaci ne ya duba bututun mai na Northern Gateway. Gwamnatin Conservative ta Stephen Harper ta amince da shi a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta soke amincewar a 2016 saboda ba a yi tuntuɓar da ta dace ba, kuma har yau ba a gina shi ba. A 2018 faɗaɗa bututun Trans Mountain ya ci karo da irin wannan hukunci a hannun gwamnatin Liberal. Injiniya ko direban tirela Bahaushe da ya koma Alberta don aikin mai yana da ruwa da tsaki a nan, domin aikin da aka fara da tsallake masu ƙasa a kotu yake ƙarewa, albashi kuma ya tsaya.

Tarihin jam'iyyar Conservative a wannan fage gauraye yake, kuma adalci ne a faɗi duka ɓangarorin. Harper ne ya tsaya a majalisa ranar 11 ga Yunin 2008 ya nemi gafara kan makarantun kwana da aka tusa yara 'yan asali kusan 150,000 a cikinsu don raba su da harshensu da al'adunsu. A ranar ce kuma Poilievre, yana matashin ɗan majalisa, ya shiga rediyo yana tambayar amfanin diyyar da ake biya, washegari ya janye ya ba da haƙuri. Gwamnatin Harper ta naɗa Leona Aglukkaq, 'yar Inuit, minista. Amma a 2021 jam'iyyar ta ƙi goyon bayan dokar da ta shigar da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asali cikin dokokin Kanada, tana tsoron kada ta zama ikon hana ayyukan ma'adinai. Tayin da Poilievre ya kawo daga baya, na bai wa al'ummomin 'yan asali na First Nations damar karɓar haraji kai tsaye daga kamfanonin da ke aiki a ƙasarsu, yana da ma'ana, kuma wasu shugabanninsu sun yi maraba da shi. Rauninsa shi ne yana amsa tambayar rabon riba, ya bar tambayar wanda ke da ikon cewa a'a.

Wani zai ce baƙo raɓa ne, ba shi da hurumin shiga rigimar da ta girmi kakansa. Wannan ya yi daidai da mai ziyara, bai yi daidai da wanda ya ɗaga hannu ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa ba. Tun Yunin 2021 rantsuwar ta ƙunshi alkawarin kiyaye tsarin mulkin da ya amince da haƙƙin First Nations da Inuit da Métis, kuma Musulmi ya san matsayin alkawari. Wani kuma, musamman wanda ya taso a Jos, zai ji gabansa ya faɗi idan aka ambaci haƙƙin 'yan asali, domin ya ga yadda takardar asali ta hana mutum gurbin karatu ko aiki a garin da aka haifi ubansa. Tsoron na da tushe, amma lamarin ya bambanta. Yarjejeniya ta 1 ta 1871 da Winnipeg ke zaune a kanta, ko ta 7 ta 1877 da ta shafi Calgary, ba su hana baƙo makaranta ko sayen gida ba. Su ne ma hujjar da gwamnati ta dogara da ita ta buɗe ƙasar ga masu zuwa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa 'yan Liberal ba su fi ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Gwamnatin Justin Trudeau ta yi alkawarin kawo ƙarshen matsalar gurɓataccen ruwan sha a garuruwan 'yan asali kafin Maris ɗin 2021, ba ta cika ba. Ita ce ta taƙaita bizar ɗalibai a 2024, ta kuma rage adadin masu samun zama na dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. Bayan zaɓen 28 ga Afrilun 2025, wanda Liberal ta samu kujeru 169 Conservative 144, Firaministan Liberal Mark Carney ya hanzarta kashe kuɗin soja, ya kuma zartar da dokar gaggauta manyan ayyuka da goyon bayan 'yan Conservative, duk da adawar shugabannin 'yan asali da dama. Ba kuma laifi ba ne idan magidanci Bahaushe ya ji ra'ayin Conservative kan haraji ko ikon iyaye a makaranta ya fi kwanta masa. Abin da wannan ke nunawa shi ne ma'aunin ya hau kan kowa. Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan asali miliyan 1.8 ne, Musulmi ma kusan haka. Jam'iyyar da ta ga za ta iya taka haƙƙin da ke rubuce a tsarin mulki saboda sauri ko neman ƙuri'a, ba za ta ji nauyin canza dokar biza ba.

Ƙuri'ar zaɓen ƙasa ta 'yan ƙasa ce kaɗai, amma mai izinin zama na dindindin yana iya yankar katin jam'iyya ya shiga zaɓen fitar da ɗan takara. Hausawan Kanada ba su da yawa, sai dai 'yan takara na zuwa masallatai da tarukan Sallah neman goyon baya. Idan sun zo, bayan an gama tambayarsu kan haya da biza, a tambaye su daga ina kuɗin sansanin zai fito, kuma ko masu ƙasar sun yarda.