Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Tsirkiya Ɗaya Ke Ba Da Muryoyi Da Yawa?

 Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sayar da shinkafa a garin Diggi, ƙaramar hukumar Kalgo, jihar Kebbi. Ya ce gardama ce ta kaure a rumfarsu kan kiɗan marigayi Ɗanmaraya Jos. Wani abokinsa ya rantse ba yadda za a yi tsirkiya ɗaya ta ba da wannan amo, sai dai in mutum biyu ke kiɗan. Ɗansa kuma ya ce ai jita ta fi, tunda tsirkiyarta shida. Shi ne yake son mu raba gardama.

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Bari mu fara da makaɗin kansa. Sunansa Adamu Wayya, an haife shi a Bukur, kusa da Jos, cikin 1946. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Bukur ya riƙe shi, daga nan sunan Ɗanmaraya ya bi shi. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Abin kiɗansa shi ne kuntigi, kuma shi kaɗai yake kaɗawa, shi kaɗai yake waƙa. Ba kamar marigayi Mamman Shata ba, wanda ke tafe da masu kalangu da 'yan amshi. Saboda haka abokinka ya faɗi a gardamar farko: mutum ɗaya ne.

Shi kuntigi ba wani abu ne mai tsada ba. Gwangwanin kifi ne ake rufe bakinsa da fatar akuya, a sa masa ɗan sanda, a ɗaura tsirkiya ɗaya. A kan sandan ake maƙala ɗan ƙarfe mai zobba. Wannan kacau-kacau da kuke ji a ƙarƙashin kiɗan, wanda ya sa abokinka zaton akwai mutum na biyu, daga zobban nan yake fitowa. Duk bugun da aka yi wa tsirkiya, su ma sai su girgiza.

Yanzu sai babbar tambayar. Muryar tsirkiya abu uku ke sarrafa ta: tsawonta, da ɗaurinta, da kaurinta. Doguwa tana ba da babbar murya, gajera ƙarama. Mai tsauri tana tashi sama, mai sako-sako tana sauka. Idan makaɗi ya danne tsirkiya da yatsa a jikin sandan, ya rage tsawon sashen da ke motsi ke nan, sai murya ta tashi. Ya ɗaga yatsa, ta koma. Kuna iya gwadawa da robar tayar keke: ku ja ta, ku kaɗa, sa'an nan ku kama ta a tsakiya ku sake kaɗawa, za ku ji bambanci. Ke nan tsirkiya ɗaya ce, amma kowane wurin danni murya ce daban.

Ita kuwa fata da gwangwanin, aikinsu ƙara amo. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da ƙarar a zo a gani. Sai motsinta ya shiga fata, iskar cikin gwangwani ta amsa, sa'an nan kunne ya ji. Ƙanƙantar gwangwanin ce ta sa muryar kuntigi siririya ce mai kaifi, ba kamar ta gurmi ba, irin na marigayi Haruna Uji na Haɗeja, wanda ƙoƙonsa ya fi girma. Haka kuma da damina fata takan saki saboda laima, amo ya dushe, sai an shanya ta a rana ko an kara ta kusa da wuta, kamar dai yadda masu ganga ke yi.

Akwai wani sirri kuma. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya.  Sandan kuntigi sumul yake, ba shi da ƙarafan nan da ke gicciye a wuyan jita, don haka yatsa na iya zamewa ya bi muryar magana sau da ƙafa. Shi ya sa masoyan Ɗanmaraya kan ce kuntiginsa magana yake yi. In kun saurari Waƙar Karen Mota ko Jawabin Aure, ku lura da yadda yake yin baiti da baki, kuntigi ya amsa masa. Kuntigin ne ɗan amshinsa.

To, mu dawo ga ɗanka. Gaskiya ne jita na da tsirkiya shida, kuma tana iya ba da muryoyi da yawa a bugu ɗaya, abin da kuntigi ba ya yi. Amma su kansu masoyan jita a ƙasashen Turawa, ba yawan tsirkiya suke yabo ba, hannu suke yabo. A kiɗan da ake kira jaz akwai wani gwani da ya zauna a Faransa, Django Reinhardt. Gobara ta ƙona masa hannun hagu a 1928, ya koma danna tsirkiya galibi da yatsu biyu, amma har yau ana koyon salonsa, ga shi ya mutu tun 1953. Wani Ba'amurke kuma, Wes Montgomery, da babban yatsa yake kaɗawa, kuma taushin amon nan ne ya fitar da shi. Kusa da mu, marigayi Ali Farka Ture na Niyafunke a ƙasar Mali, manomi ne a bakin kogin Kwara, da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara tun yana yaro. Salon nan ya ɗora a kan jita har ya ci kyautar Grammy a 1995. Ka gaya wa yaron, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya fi damuna, Malam, ba gardamar ba ce. Waƙar zamani da kwamfuta ake haɗa kiɗanta, masu iya haɗa kuntigi da kaɗa shi kuwa ƙaranci suke yi. Duk mai tsohon kaset na Ɗanmaraya kada ya bar shi zafi da ƙura su cinye, ya kai a juye masa a waya. In kuma akwai dattijon da ya iya kuntigi ko molo ko garaya a ƙauyenku, ku ɗauki kiɗansa tun yana raye, ku bar mai sha'awa ya zauna kusa da shi ya ga yadda yatsu ke tafiya.

Da fatan ka gamsu. A gaishe mana da mutanen Diggi da na rumfa baki ɗaya, har da wanda ya faɗi a gardama. Sai mun ji daga gare ku, ku huta lafiya.