Jama'ar Bakin Ruwa, A Duba Ƙafa!

Jama'ar Yauri, Ngaski da Shanga, a saurara! Masunta, 'yan jirgi, manoman shinkafa da albasa, mata masu bandar kifi, da ku ake.

Takalminka yana wari? Ka wanke, ka shanya, warin ya dawo? To, kada ka ce ai zufa ce kawai. Zauna yanzu ka ɗaga ƙafarka ka duba.

Buɗe tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Fatar wurin ta yi fari, ta jiƙe, ta dare? Tana ƙaiƙayi? Dubi tafin ƙafar. Akwai 'yan ramuka kamar an soka da tsinke? Wannan aikin ƙwayoyin cuta ne. Zufa da matacciyar fata suke ci, su ne ke fitar da ɗoyin, kuma laima suke so. Mu kuwa daga Yelwa har Wara, ko'ina a gaɓar tafkin Kainji, cikin ruwa muke neman abinci. Mutum ya wuni a fadama, ya fito ya zura silifar soso da jiƙaƙƙiyar ƙafa, gobe ma haka. Yaushe takalmin zai bushe?

Fatar da ta dare ƙofa ce ga cuta. Yau ƙaiƙayi, gobe kumburi, jibi ƙafa ta yi ja ta ɗau zafi, ga zazzaɓi. Wa zai jefa maka koma? Wa zai yi maka dashe?

Masu ciwon suga, ku na fi jin tsoro. Ciwon yana kashe jin ƙafa. Ƙaya ko ƙugiya ta soke ka, ba ka ji ba, gyambo yana ci a ɓoye. Wani lokaci wari ne farkon abin da iyali za su ji. Irin wannan jinkirin ne ke kai mutum ga yanke yatsa, har ƙafa ɗungum. Mai suga da ya ga rauni, komai ƙanƙantarsa, ya tafi asibiti yau. Kada ya jira ranar kasuwa.

A daina fesa turare a kan dauɗa, ba ya magance matsalar. A goge takalmi da sabulu da buroshi, musamman gurbin yatsu da ƙarƙashin maɗauri inda baƙar dauɗa ke taruwa. A shanya a rana har ya bushe ƙarau. Na fata kuwa a goge da ɗanyen tsumma, a bar shi a inuwa ya sha iska. Mai hali ya yi biyu, yau wannan gobe wancan. Wanda soson ya rube, a jefar.

Bayan alwala da wanka, a tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta. A daina aron takalmi a ƙofar masallaci da banɗaki. Don Allah kada a zuba baƙin mai, kanwa ko ruwan batir a ciwo, ƙona fata suke yi. Akwai man shafawa na ƙaiƙayin tsakanin yatsu a kemis, irin su clotrimazole. A tambayi ma'aikacin lafiya, kuma kada a daina shafawa don ƙaiƙayi ya lafa.

Iyaye mata, ku duba ƙafafun yara yau da dare. Malaman tsangaya, ku duba na almajirai. Duk wanda ya ga ruwa ko mugunya na fita, ko yatsa ya soma baƙi, ya nufi asibitin Yelwa ko wanda ya fi kusa da shi, kada ya kwana.