Zuciyar da ta Gaji Ba ta Son Bulala

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san yadda sa yake yi idan ya gaji a huɗa. In aka ƙara masa bulala zai yunƙura ya yi kunya biyu ko uku, sa'an nan ya durƙushe. To, masu bincike sun gano haka zuciyar mutum take.

Ban da jijiyoyin jini, akwai waɗansu jijiyoyi masu kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya. A 1921 wani malami a ƙasar Austiriya, Otto Loewi, ya sa zuciyar kwaɗo cikin ruwan gishiri, ya tsokani jijiyarta har bugunta ya ragu. Da ya ɗebi ruwan ya zuba wa wata zuciyar, sai ita ma ta lafa. Ashe wani sinadari ne jijiyar take fitarwa. Sunansa asitilkolin, shi ne akalar zuciya. A 1946 kuma Ulf von Euler na Suwidin ya gano kishiyarsa, noradirenalin. Wannan shi ne bulalar.

Idan jijiyar jinin zuciya ta toshe har wani sashen tsokarta ya mutu, ko kuwa hawan jini ya gajiyar da ita, sai jiki ya dinga zuba mata noradirenalin dare da rana. Da fari yakan taimaka, daga baya ya ƙarasa ta. A 1984 likitoci a Amurka suka nuna cewa marasa lafiyar da ya fi yawa cikin jininsu su ne suka fi saurin mutuwa.

Tun shekarun 1960 James Black ya haɗa maganin da ke tare wannan bulala, amma aka ji tsoron ba masu raunin zuciya. Sai a 1975 likitocin Suwidin suka gwada da kaɗan kaɗan, suka ga zuciyar tana farfaɗowa. Yau irinsa, kamar bisoprolol da carvedilol, suna ƙara wa masu wannan ciwo kwana.

Saboda haka, wanda ƙafafunsa suke kumbura, yana haki, ba ya iya kwanciya sai da tarin matasai, mu kai shi asibiti. In an ba shi irin wannan magani, sauƙin yakan ɗauki makonni. Kada ya daina sha farat ɗaya don ya ji dama, ko don kuɗi sun tafi wajen taki, gama bulalar za ta komo da ƙarfi. Mu tattauna a taron ƙungiya yadda asusunmu zai tallafa wa irin waɗannan 'yan'uwa.